Martin Luta da Ikon Sarki: Gwajin da Ya Sami Kiristocin Chadi

Duk wanda ya taɓa tashi daga Maiduguri ya bi ta Gamboru, ya ratsa ƙasar Kamaru har Kusiri, ya san da ya haye gada ya shiga Njamena, babban birnin ƙasar Chadi. Kakanninmu sun san garin da sunan Fort Lamy. Faransawa ne suka kafa shi a 1900, shekarar da suka kashe Rabe a Kusiri, kuma tun da daɗewa Hausawa suke zaune a cikinsa, fatake da maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa. A 1973 shugaban ƙasar, François Tombalbaye, ya soke sunan da Turawa suka sa, ya raɗa wa garin Njamena. Ba mai ganin laifin wannan. Amma a cikin shekarar nan, daga garin nan kuma, wani umarni ya fito wanda ya sa dubban Kirista a tsaka mai wuya: ko su bi shugaban ƙasa, ko su bi abin da lamirinsu yake gaya musu.

Tambayar nan tsohuwa ce a cikin ikilisiya. A cikin Furotesta, mutumin da ya fi kowa barin mana amsa a kanta, ya kuma fi kowa rikita amsar, shi ne Martin Luta, Bajamushen da Gyaran Ikilisiya ya soma ta hannunsa. Kada mai karatu ya haɗa shi da Martin Luta King na Amurka, wanda ya zo bayansa da shekara fiye da 400. Har wa yau waɗansu suna kiran Luta gwarzon bangaskiya, waɗansu kuwa suna ce da shi bafaden sarakuna. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Bari mu duba hujjojin, sa'an nan mu komo bakin kogin Shari mu auna su.

Mutumin da ya tsaya a gaban sarki

An haifi Luta a garin Eisleben a 1483. Mahaifinsa ya so ya zama lauya, amma a 1505 ya bar karatun shari'a ya shiga gidan 'yan zuhudu a Erfurt. Can ya yi ta azumi da addu'a da furta zunubi, duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, gama yana ganin Allah kamar alƙali mai jiran ya kama shi da laifi. Sai da ya zama malamin Littafi Mai Tsarki a jami'ar Wittenberg, yana koyar da Zabura da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, ya gane cewa Allah yana baratar da mai zunubi ta wurin bangaskiya ga Almasihu, kyauta, saboda alherinsa.

A lokacin nan wani mai wa'azi, Johann Tetzel, yana yawo yana sayar da takardun gafara, wani kashi na kuɗin kuwa yana tafiya ginin majami'ar Bitrus a Roma. Ranar 31 ga Oktoba 1517 Luta ya aika wa Akbishop na Mainz da jerin batutuwa 95 yana sukar cinikin nan. Injin ɗab'i ya baza su ko'ina cikin Jamus. A farkon 1521 Paparoma Leo na Goma ya fitar da shi daga ikilisiya, a watan Afrilu kuma aka gurfanar da shi a birnin Worms gaban Sarkin Sarakuna Charles na Biyar da dukan manyan ƙasa. Aka tara littattafansa a gabansa, aka ce ya janye abin da ya rubuta. Ya roƙi a ba shi kwana ɗaya. Kashegari ya amsa cewa in ba an nuna masa kuskurensa daga Littafi Mai Tsarki ko da hujja bayyananniya ba, ba zai janye kome ba, domin Maganar Allah ta ɗaure lamirinsa, kuma saɓa wa lamiri hatsari ne.

Sarki ya yanke cewa Luta ba shi da kariyar doka. Sai Frederick, sarkin yankinsa na Saksoni, ya sa mahaya suka tare shi a hanya kamar 'yan fashi, suka ɓoye shi a gidan sarauta na Wartburg. A ɓoye ɗin nan, cikin mako 11 ko kusa da haka, ya juya Sabon Alkawari zuwa Jamusancin da ake ji a kasuwa da cikin gida. Aka buga shi a Satumba 1522, dukan Littafi Mai Tsarki kuma ya fito a 1534. Duk Bahaushen da ya riƙe Littafi Mai Tsarki da harshensa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, yana cin moriyar hanyar da Luta ya share.

Iyakar ikon sarki

Sabon Alkawarin nan bai daɗe da fitowa ba, sai wani sarki mai suna George, wanda yake mulkin ɗaya ɓangaren Saksoni, ya hana sayar da shi, ya umarci masu shi su miƙa wa hukuma. Abin da ya tunzura Luta ke nan ya fitar da wani ɗan littafi a 1523 a kan ikon sarakunan duniya da inda biyayya gare su ta tsaya.

Ga taƙaitaccen abin da ya koyar. Allah yana mulkin duniya ta hanya biyu. Ta wurin sarki da takobi yana hana mugunta, yana tsare rai da dukiya, saboda haka wajibi ne Kirista ya biya haraji, ya girmama hukuma, har ya yi mata aiki. Ta wurin Magana da Ruhu kuma yana mulkin zukata, nan kuwa sarki ba shi da hannu, gama ba a cusa wa mutum bangaskiya da ƙarfi. Idan sarki ya ce ka gaskata abu kaza, ko ka miƙa Littafinka, sai ka ƙi, ko shafi ɗaya kada ka bayar. Idan ya aiko dogarai su ƙwace, kada ka ɗaga musu makami, ka daure, ka bar wa Allah shari'a.

A riƙe wannan da kyau, domin za mu sake gamuwa da shi a Chadi. Ƙi da baki, jimrewa da jiki, hannu kuwa ba makami.

Inda ya yi tuntuɓe

Manoman Jamus sun ji wa'azin 'yancin Kirista, suka ɗauke shi da gaske. A 1525 suka rubuta buƙatu 12: a bar kowane ƙauye ya zaɓi fastonsa, a daina riƙe su kamar bayin gandu, a rage aikin tilas, a bar su su kama kifi su yi itace a dajin da iyayengijinsu suka mallake. Da farko Luta ya tsawata wa sarakuna, ya ce zaluncinsu ne ya jawo fitinar. Amma da manoma suka soma ƙone gidajen sarauta suna kisa, ya rubuta wata takarda mai zafin gaske, yana zuga sarakuna su sare su, su kashe su ba tausayi. A watan Mayu aka karkashe dubbansu a Frankenhausen, aka fille kan jagoransu Thomas Müntzer. Ana ƙiyasta waɗanda suka mutu a dukan yaƙin sun kai wajen 100,000.

Masu kare Luta suna cewa ya rubuta takardar ne sa'ad da tawaye yake kan ganiyarsa, ya kuma ji tsoro kada a mai da bishara tutar yaƙi. Masu sukarsa suna cewa ko da haka ne, bai kamata bakin mai wa'azin alheri ya furta irin maganar nan ba, kuma tun daga ranar talakawa da yawa suka juya masa baya. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, bayan 1525 ikilisiyoyin Luta sun ƙara shiga ƙarƙashin inuwar sarakuna. Sarki ne ya tsare ransa a Wartburg, sarakuna ne suka tsara ikilisiyoyinsa suka biya fastoci, wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. A 1555, shekara 9 bayan mutuwar Luta, aka ƙulla yarjejeniya a Augsburg cewa addinin sarki shi ne addinin ƙasarsa. Wannan ya yi nisa da abin da ya koyar a 1523.

Shi kansa ma ya kauce wa koyarwar. Akwai masu bi da ake kira Anabaptis, waɗanda suka ƙi yi wa jarirai baftisma, da yawansu kuma suka ƙi rantsuwa da ɗaukar makami. Luta ya amince hukuma ta hukunta su, har da kisa. A 1523 ya yi rubutu mai taushi game da Yahudawa, yana tunasar da Kirista cewa Yesu Bayahude ne. A 1543 kuwa, da ya tsufa ya ga ba su tuba ba, ya ba sarakuna shawara a ƙone majami'unsu, a ƙwace littattafansu, a hana malamansu koyarwa. A Nuwamba 1938, da 'yan Nazi suka ƙone majami'un Yahudawa a Jamus, wani bishop mai suna Martin Sasse ya tattara maganganun nan na Luta ya buga su da murna. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ɓoye ta ba zai amfane mu ba.

Game da Musulmi ma harshensa yana da kaifi, gama a zamaninsa rundunar Turkawa ta kewaye birnin Vienna a 1529. Duk da haka ya ƙi a yi yaƙi da sunan Almasihu. Ya ce sarki yana iya kare ƙasarsa, amma ikilisiya ba ta da takobi. Ya kuma sa baki aka bari a buga fassarar Alƙur'ani da Latin a birnin Basel a 1543, domin Kirista su karanta da kansu.

A zamanin Hitler an ga gadon nan ya rabu biyu a fili. Fastoci da yawa a Jamus suka fake da biyayya ga hukuma suka yi shiru, waɗansu ma suka yi wa Hitler mubaya'a. Dietrich Bonhoeffer, shi ma faston Lutaran, ya ƙi, aka rataye shi a Afrilu 1945. A Norway kuwa bishop-bishop na Lutaran suka ajiye muƙamansu na gwamnati a 1942, suna kafa hujja da Luta ɗin nan.

Yadda gadon ya iso ƙasashenmu

'Ya'yan Luta sun iso yankinmu ta hanya biyu. A 1913 Dakta Niels Bronnum, mutumin Denmark, ya sauka Numan a bakin Binuwai, aikinsa kuwa ya haifi ikilisiyar Lutaran ta Nijeriya, inda ake sujada da Hausa har yau. A 1920 Berge Revne da matarsa, waɗanda wata ikilisiyar Lutaran ta Amurka ta aiko, suka kai Lere ta Chadi, a yankin Mayo Kebbi. Suna cikin 'yan mishan na farko a ƙasar. Baptis suka biyo a 1925, suka zauna a Fort Archambault, wato Sarh ta yanzu, cikin kabilar Sara. Waɗansu 'yan mishan suka kama aiki a Mundu da Fort Lamy. Ko da yake sunayen ikilisiyoyin sun bambanta, abu ɗaya suka kawo wanda asalinsa daga Gyaran Ikilisiya ne: a ba mutum Littafi da harshensa, ya karanta, ya amsa wa Allah da kansa.

Tombalbaye ɗan Sara ne, malamin makaranta, ya kuma tashi cikin Furotesta. Shi ya karɓi mulki da Chadi ta sami 'yancin kai a 1960.

Shekarun yondo

Zuwa 1973 mulkinsa ya raunana. Akwai tawaye a arewa, ga fari mai tsanani, ga rashin yarda tsakaninsa da sojojinsa. Sai ya ɗauki salon Mobutu na Zayar, ya yi shelar komawa ga al'adun gargajiya. Ya yar da sunan François ya zama Ngarta, ya umarci jama'a su bar sunayen Turawa. Sa'an nan ya tilasta yondo.

Yondo al'adar Sara ce ta shigar da samari cikin manya. Akan kai su jeji na makonni, nesa da mata da yara, su sha wuya da bulala, a koya musu asiran kabila da wani harshe na ɓoye, a ce yaron ya mutu, namiji ya tashi. Ga Sara, makaranta ce ta jaruntaka da ladabi. Amma akwai hadayu da roƙon kakanni a cikinta, shi ya sa ikilisiyoyin Furotesta suka hana 'ya'yansu tun farko. Yanzu ga gwamnati ta ce duk namijin da abin ya shafa, mai shekara 16 zuwa 50, sai ya shiga jeji in yana son aikin gwamnati ko muƙami. Daga tsakiyar 1973 zuwa Afrilu 1974, an ƙiyasta ma'aikata 'yan kudu wajen 3,000 ne suka shiga, har da ministoci biyu da wani kanar na soja.

Mai karatu, ka sa kanka a matsayin akawu Kirista a wani ofishi a Njamena, da mata da 'ya'ya, da 'yan'uwa a ƙauye masu jiran albashinka. Ka buɗe Romawa sura 13, ka ga an umarce ka ka yi biyayya ga mahukunta. Ka juya zuwa Ayyukan Manzanni sura 5, ka ga manzanni sun fifita biyayya ga Allah a kan ta mutane. Shugaban da ya ba da umarnin kuwa ba baƙo ba ne, ɗan ikilisiya ne, yana kuma cewa al'adar iyayenka kawai yake so ka girmama. Wane Luta za ka bi, na Worms ko na 1525?

Da yawa suka tafi jeji, waɗansu da yardarsu, waɗansu an tasa ƙeyarsu. Waɗansu kuwa suka ƙi. Aka kore su daga aiki, aka daddake su, aka rufe majami'u a ƙasar Sara, aka kori 'yan mishan na Baptis daga ƙasar, aka kashe fastoci da masu bishara. Galibin waɗanda suka sha wannan wuya Baptis ne da 'yan sauran ikilisiyoyin bishara na kudu, ba Lutaran ba. Amma dubi abin da suka yi. Sun ci gaba da biyan haraji, ba su shiga tawaye ba, ba su ɗauki bindiga ba. Abu ɗaya suka ƙi bayarwa, wato lamirinsu. Ashe abin da Luta ya rubuta a 1523, ya kasa riƙewa, shi talakawan Chadi suka cika da jininsu bayan shekara 450.

Ranar 13 ga Afrilu 1975 sojoji suka kewaye fadar shugaban ƙasa a Njamena, aka kashe Tombalbaye, tilasta yondo kuma ta ƙare. Amma ƙasar ba ta huta ba. A mulkin Hissène Habré, daga 1982 zuwa 1990, an azabtar da dubban mutane, Musulmi da Kirista, a kurkukun asiri cikin Njamena. Ɗaya daga cikin fursunonin, Souleymane Guengueng, akawu Kirista, ya yi wa Allah alkawari cewa in ya fita da rai zai nemi gaskiya. Da ya fita ya tattara shaidar ɗaruruwan waɗanda aka zalunta, ba tare da tambayar addininsu ba. A 2016 kotu a Dakar ta yanke wa Habré ɗaurin rai da rai. Nan an ƙara wani abu a kan koyarwar 1523: bayan jimrewa, akwai wurin tsayawa a faɗi gaskiya saboda maƙwabci.

Me za mu yi da gadon nan?

Na fari, kada mu mai da Luta waliyyin da ba ya kuskure. Shi da kansa ya koyar cewa majalisun ikilisiya da shugabanninta suna iya ɓata, Littafi Mai Tsarki ne ma'auni. Idan mun auna shi da mudun da ya ba mu, ba mu ci amanarsa ba. Ikilisiyoyin da suke ɗauke da sunansa sun riga mu yin haka. A 1984 Tarayyar Lutaran ta Duniya ta nisanta kanta daga maganganunsa a kan Yahudawa. A 1999 ta sa hannu tare da Katolika a kan wata sanarwa game da barata ta wurin bangaskiya. A 2010, a Stuttgart, ta roƙi gafarar jikokin Anabaptis. Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ta soma a Garkida a 1923, tana da jijiya a cikin Anabaptis, ga shi kuwa ita da Lutaran maƙwabta ne a Adamawa. A 2017, shekara 500 da somawar Gyaran Ikilisiya, Akbishop Musa Panti Filibus na Lutaran ta Nijeriya aka zaɓa shugaban Tarayyar, ya riƙe har 2023. Gadon ya zama namu, da daɗinsa da ɗacinsa.

Na biyu, mu lura da abin da ya karkatar da shi. Luta ya fi faɗin gaskiya sa'ad da ba shi da kowa sai Allah, ya fi yin kuskure sa'ad da sarakuna suke bayansa. Ikilisiyar da take murna don ɗanta ya hau mulki, ta tuna cewa Tombalbaye ma ɗan ikilisiya ne. Wanda ya ce sarki ba shi da iko a kan lamirinsa, wajibi ne ya faɗi haka game da lamirin maƙwabcinsa, ko Musulmi ne ko mai bin gargajiya.

Na uku ya shafi waɗanda suka tafi jeji. Akawun nan da tsoro ya rinjaye shi, ya komo da tabo a jiki da kunya a zuciya, ina matsayinsa a cikin jama'ar Allah? A nan ne abin da Luta ya gano a Wittenberg yake da amfani fiye da kome. Wanda ya tsaya bai sami ceto saboda tsayawarsa ba, wanda ya faɗi kuma ƙofar tuba a buɗe take gare shi, kamar yadda ta buɗe wa Bitrus. Mutum tara yake, bai cika goma ba, Luta ma haka. Ya mutu a 1546 a Eisleben, garin da aka haife shi, yana dogara ga alherin nan da ya yi wa'azinsa.

Allah ya ba mu hikimar girmama mahukunta, da ƙarfin zuciyar ce musu a'a ran da suka ƙetare iyakarsu. Amin.